Mama Tana Neman Mai Jego

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ƙanwarki, cikin girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban Dogo da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da kika ce yana tashi duk sanda kika ɗaga tsohon da kike jinya, ya sa albarka a cikin abin da kike nema. Mu a nan muna nan yadda kika bar mu, sai dai kowa ya ɗan ƙara tsufa. Kawu Direba ya daina tuƙi, idonsa na hagu ya ƙi, yanzu zaman ƙofar gida yake yana gyara wa masu wucewa tuƙinsu da baki. Goggo Ƙarama ta warke daga tarin da ya dame ta, ta koma faɗa da kowa, wanda kin san shi ne alamar lafiya a wurinta. Saƙon da kika aiko ya iso. Safar ta yi wa Mama daidai, man shafawar kuma ni na riƙe, domin a gidan tsofaffin da take suna da nasu.

Kin san ni da waya. Idan kin kira sai in ce lafiya lau, ki ce madalla, mu yi maganar sanyi da zafi, lokacin hutunki ya ƙare. Shekarun da na yi a teburin tace labarai sun koya mini cewa abin da ba a rubuta ba, kowa yana iya jin sa yadda ya ga dama. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan bi da ke daki-daki, kuma akwai roƙo a ƙarshe. Na faɗa tun yanzu don kada ki ga kamar na ja ki da labari ne kafin in buɗe hannu.

Kin san gidan tsofaffin da Mama take, amma ba ki gan shi ba tun da aka sauya shi. Asibitin haihuwar da ta yi duk aikinta na ungozoma ne. Sanda aka rufe shi ni na sa wa labarin kanu a jaridarmu, ban ma kai shi shafin farko ba, domin ba shi kaɗai aka rufe a lokacin ba, har firamaren da muka yi a watan aka mai da ita ma'ajiyar kaya. Masu haihuwa sun yi ƙaranci, masu tsufa sun yi yawa. Shagon da ke kallon ƙofar asibitin, inda ake sayen tawul da bahon wankan jariri, yana nan, mai shi ma yana nan, sai dai yanzu sandar dogarawa da kunzugun manya yake sayarwa, kuma ya ce mini ciniki ya fi da. Ke ma kin san yadda gidanmu yake. Kakarmu ta haifi tara, Mama ta haife mu mu biyu, mu biyun muka haɗu muka samar da Dogo, shi kuwa Dogo har yanzu cewa yake a ba shi lokaci. Ba ƙorafi nake ba. Duk rahoton da na karanta, daga kowace ƙasa, labarin ɗaya ne, sunayen garuruwan ne kawai suka bambanta.

Ginin ba a taɓa shi sosai ba. An sauya fenti, an sa ƙarfen riƙewa a jikin bango, an fitar da gadajen haihuwa an kawo masu tashi da kwantawa da maɓalli. Famfon wanke hannu na bakin baranda yana nan, wanda ake buɗewa da gwiwar hannu. Ɗakin da aka ba Mama shi ne inda ake ajiye tawul da auduga a da. Ni na ɗauka sa'a muka yi, za ta zauna a wurin da ta sani. Ita kuwa tun makon farko ta ɗauka an dawo da ita aiki ne. Ba ta san shekarar da muke ciki ba, ba ta san Baba ya rasu ba, yawancin ranaku ba ta san ni ba, amma ta san kowace ƙofa da abin da ya kamata a ce yana bayanta.

Na'urori kam akwai su. A ƙarƙashin katifa akwai shimfiɗar da ke sanar da teburin ma'aikata idan mutum ya sauko daga gado. Akwai abin hannu kamar agogo mai bin bugun zuciya, akwai na'urar da ke ɗaga mutum daga gado zuwa kujera, akwai wani akwati mai taya da ke bin ɗakuna yana raba magani yana gaisuwa da muryar mace. Mama tana kiran sa sabuwar ɗaliba. Ta ce tana da ladabi, amma ba ta da hannu, ba za ta yi nisa a aikin ba. Mutane masu jini a jika kuwa biyu ne kacal a benen ƙasa a kowane lokaci, ga ɗakuna cike. Waɗanda na fi sabawa da su su ne 'Yar Gajera da Mai Gilashi. Suna kiran Mama Sista, tana amsawa, wani lokaci har ta duba musu farce ta ce su je su yanke.

Watannin baya hukumar gidan ta kawo 'yan tsana. Ba irin na wasan yara ba ne. Nauyinsu nauyin jariri, jikinsu da ɗumi, ƙirjinsu yana tashi yana sauka, idan an ɗauka su yi ɗan ƙunƙuni, idan an jijjiga su yi shiru. An yi su ne don tsofaffin da tunaninsu ya tafi, wai riƙe su yana kwantar da hankali, yana rage yawan maganin barci. Shugabar gidan ta nemi amincewata, na karanta abin da aka rubuta a kan su, ban ga abin ƙi ba, na amince. Kuma ya yi wa wasu amfani, wannan gaskiya ne. Matar tsohon hedimasta, wadda ake jin ihunta tun daga bakin titi, yanzu zaune take tana jijjiga tata tana mata waƙa. Aka sa wa Mama tata a cikin ɗan gado kusa da taga.

Abin da babu wanda ya tuna, har da ni, shi ne ungozoma ba ta riƙe jariri. 'Yar Gajera ta ba ni labarin yadda aka yi. Mama ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta dawo ta kwance tawul, ta taɓa maɗiga, ta buɗe yatsun hannu da na ƙafa ta ƙirga, ta duba cibiya ta ce wadda ta yanke ta iya aiki. Ta ɗaga ta a tafin hannu ta ce nauyi ya yi. Ta sake naɗe ta irin naɗinta, kin san shi, wanda ko ƙafa ba ta fita. Sannan ta juyo ta tambaya 'yar waye, kuma a wane gado uwar take. 'Yar Gajera ta ce mata tata ce, an ba ta ne. Mama ta ce mata kada ta ƙara yin irin wannan wasa a bakin aiki.

Daga ranar ta fara bin ɗakuna. Ta rungumi jaririya, ba sanda a hannu domin hannayen duka biyu suna aiki, ta buɗe wannan ƙofa ta leƙa, ta buɗe waccan, tana tambaya wace ce ta haihu. Akwai wata tsohuwar tela a ɗakin ƙarshe, ta girmi Mama amma hankalinta garau. Ita ta ce wa Mama da a ce ta haihu ai da ta ji a jikinta, kuma a nuna mata uban a cikin waɗannan mazan da haƙoransu ke kwana a kofi. Duk baranda aka yi dariya, ban da Mama. Ta ce ba laifi, wata ce ke nan, ta wuce gaba. Abin hannunta yana ta kuka a tebur, akwatin magani yana bin ta yana roƙon ta ta koma ɗaki, ita tana ce masa ya je ya dubo rajista. Rannan ƙafarta ta harɗe a bakin wata ƙofa ta faɗi. Da kafaɗa ta faɗi, ta juya jikinta don kada jaririyar ta taɓa ƙasa. Ƙashi bai karye ba, amma gefenta ya yi baƙi har ƙugu. Ranar da kika kira na ce miki ta ɗan zame, wannan ce.

Sai aka ɗauke 'yar tsanar, wanda shi ne abin da kowa zai yi. Nan abin ya ƙara lalacewa. Da safe ta leƙa ɗan gadon ta ga wayam. Aka fitar da gadon ma, ta tsaya tana kallon inda yake. A tunaninta jaririya ta ɓata a hannunta, a lokacin aikinta. Ta kwance shimfiɗu, ta buɗe kwandon kayan wanki, ta tsare Mai Gilashi tana tambayar ta wa ya shigo wa ya fita. Kuma ta daina cin abinci. Su suna ganin ciwon ne ya ci gaba, likitan da ke duba su ta allon kwamfuta ya ƙara mata magani. Ni da aka gaya mini na san ba haka ba ne, ke ma kin sani. Kin tuna kwanon abincinta da yake dawowa gida yadda aka zuba shi, Baba ya buɗe ya ce yau an sha wuya a asibiti? Mama ba ta taɓa sa komai a baki ba sai jariri yana hannun uwarsa. Ta manta sunan mijinta, amma ba ta manta wannan ba. Aka mai da mata 'yar tsanar, ta koma yawo, abinci kuma sai ɗan abin da aka lallaɓa ta kurɓa a tsaye.

Shugabar gidan ta kira ni ofishinta. Mace ce mai magana a hankali, ba ta da mugunta, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ma'aikata biyu ba za su iya bin mutum ɗaya duk yini ba, kuma neman ƙarin ma'aikata suke tun bara babu mai zuwa, matasan sun yi kaɗan, waɗanda ke akwai kuma sun tafi ƙasar waje inda kika tafi. Ta ce idan Mama ta sake faɗuwa, ko nauyinta ya ci gaba da raguwa, doka ta tilasta mata ta mai da ita benen sama. Na ce ta nuna mini. Ta kai ni. Wuri ne mai tsabta ƙwarai. Ƙofar da lamba take buɗewa, gadaje da shinge a gefe biyu, kyamara a kowane ɗaki, na'ura ce ke juya mutum don kada bayansa ya yi gyambo. Ma'aikaciya ɗaya ce zaune gaban allo. Babu mai ihu, babu mai yawo, ba ka jin komai sai ƙarar injin iska. Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa hawa da ƙafarsa ya sauko da ita. Ta nuna mini wani gado ta ce mahaifinta ne. Na yi mata sannu, ta yi mini sannu, muka sauko.

Abin da ya biyo baya ba dabarata ba ce. Wata rana na je da rana, na tarar Mama ba ta ɗaki, tana zagayenta. Marata tana ciwo, sai na cire takalmi na hau gadonta na jingina da matashi, na ja bargo na rufe ƙafafu. Ina nan ta shigo da jaririya a hannu. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi takalmin a ƙasa, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce ashe nan aka kawo ni, ita tana can tana nema, babu wanda ya gaya mata. Ta matso ta yi mini sannu da ƙoƙari. Ta ce na sha wuya amma an sauka lafiya, mace ce, komai nata cikakke, ta ƙirga da kanta. Ta sa mini ita a ƙirji, ta gyara mini gwiwar hannu, ta ce in tallafe kan. Ta ce kada in ji tsoro, duk mai haihuwar fari haka take riƙewa kamar kayan aro. Ta taɓa goshina ta ji ko da zazzaɓi. Sannan ta je famfo ta wanke hannu, ta dawo ta zauna a kujera, ta ce wa 'Yar Gajera ko akwai abin da mutum zai sa a baki a gidan nan. Ta cinye duk abin da aka kawo, ta nemi ƙari.

Za ki so ki san abin da na ji. Na ji nauyin abin, na ji ɗuminsa, na ji ɗan ƙugin injin da ke ɗaga ƙirjin, wanda sai ka manna shi a jikinka kake ji. Na lura an ɗinke gefen wuyan da zare mai kauri. Kin san shekarun da ni da marigayi mijina muka yi muna bin likitoci har muka gaji muka bari, kin kuma san Mama ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka idan na hau bas zan yi kuka. Na zauna kusa da taga ina jira, har na iso gida. Na dafa shayi, na wanke kofi, na kwanta. Har yau ina jiran, bai zo ba.

Tun daga ranar haka muke yi. Ina zuwa kafin abincin rana, in cire takalmi, in hau gado. Ta kawo, in karɓa, ta ci abinci, ta yi barci. Idan ta yi barci in kai 'yar tsanar tebur a sa ta a caji, da safe Mai Gilashi ta mai da ita ɗan gadon. Mun gwada ƙin mai da ita, muna ganin tunda an miƙa ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mama tana tashi da sanin akwai jaririya, amma ba ta tuna ta miƙa ta, sai neman ya dawo sabo. To kullum ana haihuwa, kullum ni ce. Ta daina bin ɗakuna, domin Mai Gilashi tana ce mata uwar tana ɗakin tiyata za a kawo ta, sai ta zauna bakin gado tana jira. Nauyinta ya dawo. Shugabar gidan ta ce muddin haka ya ɗore, ɗakin Mama nata ne.

Kada ki ɗauka ban nemi wadda za ta karɓe ni ba. 'Yar Gajera ta cire kayan aiki ta sa na gida ta hau gadon, Mama ta dube ta ta ce ta sauka, ko kunya ba ta ji, tana kwance alhali mata suna naƙuda. Na kawo Kawu Direba, ta ce maza a benci suke jira, kuma ba a ba uba kafin uwa. Shi kuwa ya fita ya zauna a bencin, sai da na je na taso shi. Mai gyaran na'urorin gidan, yaron kirki, ya kawo shawarar a sa fuskar mace a allon akwatin magani, Mama ta ajiye jaririyar a tirensa. Aka gwada. Mama ta saurari muryar har ƙarshe, ta ce wa ɗalibar ta je ta kira babba. Maƙwabciyata mai shagon magani ta yarda ta zo, amma da aka miƙo mata sai dariya ta kama ta, ta karɓa da hannu ɗaya. Mama ta karɓe abarta ta ce wannan ba ta haihu ba. Goggo Ƙarama kuwa ta ce ita ba za ta hau gado ta yi ƙarya da furfurarta ba, kuma ko ta yarda gwiwarta ba za ta hau bas kullum ba. Na taɓa tambayar Mama, a matsayina na mai jego, yadda aka yi ta gane ni ce. Ta ce ta san fuskar uwata, ita ta karɓi haihuwata.

Yanzu ga maganar. Ciwon marar nan da na ambata ba na yau ba ne. An yi hoto, an ga ƙari, likita ta ce za a cire mahaifar gaba ɗaya. Ba ta taɓa yin wani aiki ba, ban ga abin da zan yi kewa ba. An sa mini rana watan da ya wuce na ɗaga saboda Mama. Wannan karon likitar ta cire tabarau ta ce mini ba za ta sake ɗagawa ba, idan na ƙi zuwa in nemi wata likitar, kuma ta gaya mini dalili, dalilin kuma mai ƙarfi ne. An sa farkon wata mai zuwa bayan wannan. Ta ce bayan aikin zan yi makonni ba hawa bas, ba hawa bene, kuma abin da aka gani a ƙarin shi zai nuna ko akwai wani magani a gaba. Ban gaya wa Kawu da Goggo ba tukuna. Na gaya wa shugabar gidan, domin dole ta sani. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, amma ta san Mama, na san Mama, kwana kaɗan ba mai karɓa za ta koma yawo da yunwa, daga nan sai sama.

Roƙona shi ne ki zo ki karɓe ni na waɗannan makonni. Na san abin da nake tambaya. Na san tsohon da kike jinya ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai ke, na san 'ya'yansa ba sa son jin kalmar hutu, na san idan kin bar gurbin ba lallai ki dawo ki same shi ba, ga kuma maganar takardun zamanku a can. Ban manta ba cewa daga guminki ake riƙe ɗakin da Mama take ciki. Ba na ganin kin gaza da komai, kuma idan kin ce ba zai yiwu ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Zan je a yi aikin, zan ba da amincewata a hau da ita, kuma idan na warke zan riƙa zuwa ina zama kusa da shingen gadon. Na duba abin ta kowane gefe kamar yadda nake duba labari kafin ya tafi injin bugawa, ban ga wata hanya ta uku ba. Ba zan kuma ce miki tabbas za ta miƙa miki ba. Abin da na sani shi ne kin fi ni kama da ita, goshin da hancin duka nata ne, kuma ke kin taɓa riƙe jariri na gaske. Sanda kika haifi Dogo a can, Mama ta daɗe tana cewa ta karɓi 'ya'yan rabin gari amma jikanta baƙuwa ce ta karɓe shi. Ba da zafi take faɗa ba, kamar dai mai maganar ruwan da bai sauka ba.

Idan za ki zo, ga abin da ya kamata ki sani. Kada ki sa fararen kaya ko takalmin aikinki, za ta gane ke mai jinya ce ta tafiya ma, don haka ki shiga ɗakin a hankali, ki hau gadon kafin ta juyo. Ki bar takalmin a ƙasa inda za ta gani. Kada ki kira ta Mama, yana rikita ta, Sista za ki ce. Kada ki taimaka mata ko da kin ga hannunta yana rawa, kin saba ɗaukar tsofaffi, hannunki zai so ya kai, ki hana shi. Ki karɓa da hannu biyu, ki bari ta gyara miki riƙon ko da daidai kika riƙe. Ki tambaye ta mace ce ko namiji, tana son a tambaya. Kullum mace ce. Ɗakina yana nan, na gyara miki gadon marigayi, kuma bas ɗin da ke tsayawa bakin shagon magani yana kaiwa har ƙofar gidan tsofaffin.

Ki gaishe mini da Baban Dogo, ki ce masa na san shi ma roƙon ya shafe shi, ya yi haƙuri da ni. Ki gaishe da Dogo da matarsa, ki ce ba ni da wata magana a wannan karon, su sha iskarsu. Ki gaishe da Anti Mai Ɗinki da ke kusa da ku, da maƙwabciyarki da take karɓar miki saƙo. Ki yi wa tsohonki sannu da jiki, Allah ya ba shi sauƙi. Kawu Direba yana gaishe ki, ya ce har yanzu kina riƙe sitiyari kamar za a ƙwace miki. Goggo Ƙarama ta ce a gaya miki ba ta gaishe ki sai kin kira ta. 'Yar Gajera da Mai Gilashi ba su san ki ba amma sun ce a gaishe da babbar 'yar Sista.

Saura abu ɗaya. Bayan ta miƙa, kafin ta je wanke hannu, takan tambayi sunan da ake so a sa wa yarinyar. Ranar farko ban shirya ba, sai naki ya fito daga bakina. Ta ce suna ne mai kyau, ita ma tana da mai wannan sunan, ta yi tafiya amma ta kusa dawowa. Tun daga nan naki nake faɗa kullum, kullum kuma amsar ke nan. Ban taɓa gwada nawa ba. Idan Allah ya kawo ki, ta tambaye ki, ki faɗi nawa. Duk abin da ta ce, ko da ba ta ce komai ba, ki zo asibiti ki gaya mini yadda yake, kada ki gyara.

Allah ya tsare ki, ya sada mu da alheri. Ina sauraron amsarki.

Ƙanwarki,
Auta